Kallo Ba Sa Hannu: Bahasi a kan Ma'anar “Look On” ta Turanci da Wahalar Juya Ta Zuwa Hausa

 

Abin da na zo da shi gabanku yau ƙaramin abu ne ga ido, gama kalmomi biyu ne kacal na Turanci, waɗanda in an tara haruffansu duka ba su wuce shida ba, watau “look on”. Amma tun lokacin da Allah ya ɗora mini hidimar koyar da fassara nake lura da cewa ɗalibi yakan ƙetare dogayen kalmomin likita da na shari'a lami lafiya, domin yana jin tsoronsu yana buɗe ƙamus, sa'an nan ya zo kan waɗannan 'yan gajeru, da yake ya san kowace ɗaya tun yana aji uku na firamare, ya wuce da gaba gaɗi, alhali kuwa a nan ne ya fi kusa da ɗora wa bayin Allah laifin da marubucin asali bai ɗora musu ba, ko kuwa ya wanke waɗanda marubucin ya nufa da zargi. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ga mas'alar ta cancanci a zauna a kanta.

Asalin wannan irin fi'ili

Turawa suna da wani jinsin aikatau wanda suke kira “phrasal verb”, ni kuwa a wannan takarda zan riƙa ce masa fi'ili mai ɗan rakiya, domin fi'ili ne gajere da ake liƙa masa wani ɗan harafi a baya, irin su “on” da “off” da “up” da “by”, sai ma'anar su biyun ta tashi daga inda kowannensu yake shi kaɗai ta koma wani wuri dabam. Samuel Johnson, a cikin gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya riga ya yi nuni da cewa wannan haɗi yana daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da baƙon harshensu. Arthur Kennedy ya keɓe masa nazari a 1920, sunan da ake kiransa da shi yanzu ya bazu ne daga littafin Logan Pearsall Smith na 1925, wanda shi kuma ya ce daga Henry Bradley ya samo shi, kana Dwight Bolinger ya yi littafi sukutum a kansa a 1971.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tun muna gaban malam aka nuna mana cewa “ragiba” in ya zo da “fi” ƙauna yake nufi, in kuwa ya zo da “an” sai ya koma ƙi da juya baya. Haka “nazara” da “ila” duba ne na ido, da “fi” kuwa bincike ne na hankali. Harafi ɗaya ya juya fi'ili gaba ya koma baya. Mu ma Hausawa muna da namu, sai dai mu suna muka fi rataya wa fi'ili, shi ya sa wanda ya ci amana bai tauna kome ba, wanda ya sha kashi kuma bai haɗiyi kome ba. Saboda haka abin da ke gaban ɗalibinmu bai fi ƙarfinsa ba, in dai an nuna masa cewa ɗan harafin nan abin tsayawa ne a duba.

“Look on” iri biyu ne

Wajibi ne tun da fari a raba tagwaye biyu masu kama da juna a rubuce. Na farko shi ne wanda ke cikin zance kamar “They look on him as a father”, ma'ana suna ɗaukarsa tamkar uba. A nan “on” harafin jarra ne sosai, yana neman suna a bayansa, kuma ana iya cire shi a sa “upon” ba tare da ma'ana ta motsa ba. Wannan ba shi ne abin bahasinmu ba. Na biyu shi ne na cikin “The house burned and the neighbours looked on”, inda fi'ilin ya zama lazimi, abin da masu nahawun Hausa ke kira ƙi-karɓau, ba ya ƙetarawa zuwa wani maf'uli, kuma in ka gwada sa “upon” a gurbin “on” sai jumlar ta rushe nan take. Kunne ma yana rarrabe su, domin a na farko Bature yakan danna muryarsa a kan “look” ya wuce “on” da sauri, a na biyu kuwa nauyin murya a kan “on” yake sauka. Akwai wani amfani na uku wanda ya yi ƙaranci, na ɗalibin da ya manta littafinsa a gida aka ce ya duba na maƙwabcinsa su karanta tare, amma ambatonsa ya isa.

Daga wannan na biyun ne aka ciro sunaye biyu, “looker-on” wanda ya fi tsufa a kunne, da “onlooker” wanda ya fi yawo a jaridun yau. Francis Bacon ya yi amfani da na farkon inda yake bayyana cewa sau da yawa mai kallon wasa ya fi mai yin sa gani, abin da duk wanda ya taɓa tsayawa a kan masu dara a gindin bishiya zai gaskata. Shakespeare kuma, a wasansa mai suna Measure for Measure, ya sa kalmar a bakin sarkin da ya ɓad da kama cikin tufafin mai ibada, yana zagaya birninsa yana ganin ɓarnar da wakilinsa ke yi. Ina roƙon a riƙe wannan misali, domin mai iko ne ya kira kansa ɗan kallo, kuma maganar iko ita ce gindin abin da zan faɗa.

Rukunan ma'anar

In muka warware “look on” za mu tarar ta tsaya a kan abu uku. Akwai halarta, domin wanda aka ba labari daga baya bai shiga ciki ba. Akwai gani wanda ya ɗauki lokaci, domin wanda ya waiga sau ɗaya ya wuce ba a faɗa masa ita. A ganina ma wannan “on” tana ɗauke da ƙanshin 'yar'uwarta ta cikin “go on” da “carry on”, mai nuna ɗorewar aiki. Sa'an nan akwai rashin sa hannu, watau abin yana gudana ne tsakanin waɗansu, shi kuwa mai kallon yana gefe. Wannan rukuni na uku shi ya raba ta da “watch”, gama likita yana iya yin “watch” ga majinyacinsa alhali shi ne ke yi masa magani, makiyayi ma haka ga garkensa, amma da zarar an ce “looked on” an fitar da mutum daga cikin masu aikin.

To, abin da kalmar ta yi shiru a kansa ya fi abin da ta faɗa muhimmanci ga mai fassara. Ba ta gaya mana ko mutumin yana da ikon hanawa ba. Ba ta gaya mana abin da ke cikin zuciyarsa ba, ko murna, ko baƙin ciki, ko halin ko-in-kula. Ba ta ma ce abin da ake kallon mugun abu ne ba. Shi ya sa kusan kullum za ka same ta da wani bayanau a gefenta yana cike wannan giɓi: a ce “helplessly” ga wanda ba shi da yadda zai yi, ko “in horror” ga wanda tsoro ya kama, ko “in silence” ga wanda bai ce uffan ba, ko “proudly” ga uban da ake ba ɗansa lambar yabo a gabansa. Fi'ili ɗaya ne ya ɗauki uwar da gobara ta rutsa da kayanta da uban da ke murmushi ran saukar karatu, kuma da a ce zargi yana cikin jikin kalmar da ba ta iya ɗaukar su biyun ba.

Wajen ginin jumla kuwa, mafi yawan zamanta a ƙarshen zance ne, bayan “as” ko “while” ko “with”, tana bayyana yanayin da babban aikin ya auku a ciki. Malaman nahawun Larabci da sun ce mata jumlar hali, irin wadda wawun hali ke jawowa. Masu rubuta bayani a ƙarƙashin hotunan jarida, a Ingila da Amurka da nan Nijeriya, sun mai da ita abincin yau da kullum: wane yana sa hannu a takardar yarjejeniya, wane kuma “looks on”. Abin da ake nufi a nan bai wuce a sanar da mai karatu sunan mutumin da ya fito a hoton ba ya riƙe da alƙalami ba. Na taɓa ba ɗalibai irin wannan jumla su fassara, sai wani yaro mai ƙoƙari ya rubuto cewa shugaban makaranta yana miƙa kyauta, mataimakinsa kuwa ya zura ido. Da na tambaye shi laifin da mataimakin ya yi har aka ce ya zura ido, sai ya yi shiru, daga nan shi da kansa ya gyara ya ce an miƙa kyautar mataimakin yana tsaye a gefe. Tun daga ranar na gane cewa kuskuren ba daga rashin sanin Turanci kaɗai yake zuwa ba, har da rashin auna nauyin kalmomin Hausar da muke tsammani mun sani.

Tsakaninta da “stand by”

Tana da 'yar'uwa wadda ake yawan rikita su, watau “stand by”, uwar kalmar “bystander”. Ita wannan fuskokinta da yawa: tana nufin zama cikin shiri, kamar soja ko ma'aikacin rediyo mai jiran umarni, tana nufin tsayawa tare da aboki ran wuya, ko tsayawa a kan magana ba janyewa, sa'an nan tana nufin tsayawa a bar ɓarna ta auku. A wannan fuska ta ƙarshe ta sha bamban da “look on”, domin in Bature ya ce “We cannot stand by while children starve”, ya riga ya ɗauka cewa akwai abin da za a iya yi, kuma rashin yin sa abin kunya ne. Sau da yawa ma yakan ƙara mata “idly” don ya ƙarfafa zargin. Ba a cewa uba “stood by proudly” da wannan nufi, kuma ba a faɗa wa wanda aka ɗaure hannuwansa ita sai an zalunce shi. Ke nan “look on” labarin ido take bayarwa, ita kuwa “stand by” hukunci take yanke wa hannun da bai motsa ba.

Abin mamaki, sunan da aka ciro daga gare ta bai gaji wannan zafi duka ba, gama “innocent bystander” suke ce wa mai wucewa da harsashi ya samu ba da hakkinsa ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci suna da irin wannan tarko a nasu ɓangaren, inda “assister” in ta zo da “à” halarta ce kawai, in kuwa ta faɗa kan mutum kai tsaye sai ta zama taimako.

Abin da Hausa ta tanada

A nan ne nake so in daɗe, domin a nan ne aikinmu yake. Hausa ba ta da kalma guda mai shiru irin na “look on”. Abin da take da shi tarin maganganu ne masu kaifi, kowace da hukuncinta a rataye, har ya zama da wuya Bahaushe ya ba da labarin wanda ya tsaya a gefe ba tare da ya nuna abin da yake gani game da tsayuwar tasa ba.

Mu fara da “kallo” kanta, wadda ita ce ke fara zuwa bakin alƙalami. Kallo a wurinmu yana da dangantaka da nishaɗi: ana zuwa kallon dambe da kokawa da hawan salla, akwai 'yan kallo, akwai gidan kallo, wanda ya ji kunya a bainar jama'a kuma an ce ya zama abin kallo. Saboda haka in Bature ya rubuta cewa kasuwa ta kama wuta, 'yan kasuwa “looked on helplessly”, mai fassara kuma ya ce 'yan kasuwa suka tsaya suna kallo, to ya mai da masu hasara tamkar waɗanda suka zo shan daɗin ido. Abin da Hausa ta ajiye domin wannan hali shi ne “suna ji suna gani”. In Bahaushe ya ce ina ji ina gani aka tafi da shanuna, ya tara halarta da gani da rashin iko da ciwon zuciya cikin numfashi ɗaya, kuma ban san wata hanya da ta fi wannan dacewa da “look on helplessly” ba. Kusa da ita akwai “a kan idonsa” da “a gaban idonsa”, waɗanda su ne mafi kusa da shirun Turancin, gama ana iya cewa an ɗaura auren a kan idonsa, ana kuma iya cewa an rushe gidan a kan idonsa.

Sai dangin ido, waɗanda fi'ili ɗaya ke raba su. “Zuba ido” tana da fuska biyu, ta jira da sa rai, kamar manomin da ya zuba ido ga hadari, da ta barin abu ya gudana. “Zura ido” ta fi ta nauyi, domin ba a faɗa wa mutum ita sai ana ganin hakkinsa ne ya tsawata bai tsawata ba, kamar uban da ya zura wa ɗansa ido har ya lalace. “Sa ido” kuwa ta nufi wata nahiya dabam, ko ta lura da tsaro, irin ta masu sa ido a kan zaɓe, ko ta shiga sharo ba shanu, irin ta ɗan sa ido. “Ƙura ido” siffar duban ce kawai, “zuba na mujiya” kuma duba ne na wanda ya rasa ta cewa ko ya ƙi cewa. In an bar ido aka koma hannu, akwai “naɗe hannu” da “rungume hannu”, waɗanda su ne takwarorin “stand idly by” ba ragi ba ƙari. Daga ƙarshe akwai “kau da kai”, wadda ma ta fita daga babin, domin mai kau da kai ya ƙi ganin ne ɗungum.

Duk wanda ya dubi wannan taska zai ga cewa mai fassara zuwa Hausa ba shi da mafakar da marubucin Turanci yake da ita. Shi Bature yana iya rubuta “the police looked on” ya bar mai karatu ya yanke hukunci, ko da yake sau da yawa ya san abin da ambaton 'yan sanda a irin wannan wuri zai haifar a zuciya. Amma tafinta, ko a gidan rediyo yake ko a gaban alƙali, tilas ya zaɓa: ko 'yan sanda suna ji suna gani, watau an fi ƙarfinsu, ko sun zura ido, watau sun ƙi aikinsu, ko abin ya faru a kan idonsu, watau an bar maganar a buɗe. Zaɓin nan shaida ce, kuma mun san matsayin shaidar zur a addini. Ra'ayina shi ne, muddin nassin asali bai bayyana iko ko rashinsa ba, amana ta wajabta a ɗauki ta ukun, ko da ta fi sauran rashin armashi a kunne.

Mas'alar iko a wajen masana da malaman fiƙihu

Ba masu lugga kaɗai wannan bambanci ya dama ba. Ran 13 ga Maris 1964 aka kashe wata mace mai suna Kitty Genovese kusa da gidanta a unguwar Kew Gardens ta birnin New York, bayan mako biyu kuma jaridar New York Times ta buga cewa mutum 38 sun shaida abin ba wanda ya motsa. Labarin ya girgiza Amurka, ya kuma sa masana halayyar ɗan Adam biyu, John Darley da Bibb Latané, suka shirya gwaji wanda suka buga a 1968. Sun sa ɗalibi a ɗaki shi kaɗai yana jin muryar wani ta na'ura, sai muryar ta yi kamar farfaɗiya ta kama mai ita. Cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai ke ji, kashi 85 cikin ɗari sun tashi neman taimako kafin muryar ta yanke. Cikin waɗanda suka ɗauka akwai mutum huɗu da ke ji tare da su, kashi 31 ne kawai suka tashi. Suka kira wannan rarrabuwar alhaki, watau kowa ya dogara ga cewa wani zai yi.

Amma daga baya bincike ya nuna cewa labarin jaridar an yi masa ƙari mai yawa. A 2007 Rachel Manning da Mark Levine da Alan Collins suka bi bayanan shari'ar, suka nuna babu hujjar cewa mutum 38 sun tsaya suna gani. Da yawa ihu kawai suka ji cikin dare ba su san abin da ake ciki ba, an sami wanda ya daka wa maharin tsawa ta taga, wata maƙwabciya kuma ta fito ta riƙe matar kafin a ɗauke ta. Wani nazari na Richard Philpot da abokansa, wanda ya fito a 2019, ya duba hotunan kyamarorin titi na rigingimu 219 a Lancaster da Amsterdam da Cape Town, ya tarar cewa a cikin tara daga kowane goma an sami aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, unguwa guda ta ɗauki tambarin rashin imani shekaru da dama domin mai ba da labari ya ɗauki waɗanda suka ji, da waɗanda suka hango, da waɗanda suka yi iyakar ƙoƙarinsu, ya zuba su cikin kwando ɗaya da waɗanda suka naɗe hannu.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun tsefe wannan tun da daɗewa, kuma da ma'aunin iko suka tsefe shi. Hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Muslim ya ruwaito, wanda shi ne na 34 cikin Arba'una ta Nawawi, ya jera matakan gusar da munkari bisa gwargwadon iko, daga hannu zuwa harshe zuwa zuciya, har ya zama wanda ya ƙi abu a zuciyarsa domin ba shi da ikon wanin haka bai fita daga da'irar imani ba. Babin farilla ta kifaya kuma, wadda in wasu sun yi ta faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari kowa ya yi laifi, kai ka ce an ajiye shi ne domin toshe ƙofar nan ta rarrabuwar alhaki. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda shi ne madogarar alƙalanmu na Malikiyya, an ɗora lamuni a kan wanda ya sami ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya bari. Dokokin Turai su ma sun rabu a kan haka, domin dokar Ingila ta gargajiya ba ta wajabta wa mai wucewa ya ceci wanda ba shi da alaƙa da shi ba, alhali dokar laifuffuka ta Faransa, a sashe na 223-6, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda ya ƙi taimakon mai cikin haɗari, matuƙar taimakon ba zai jefa shi ko wani cikin haɗari ba. Ko'ina aka duba, tambayar da ake yi wa ɗan kallo ɗaya ce, ko yana iyawa, kuma ita ce tambayar da “look on” ba ta amsawa.

Misalai biyu da za a gwada ma'aunin a kansu

Marubutan Turanci suna yawan cewa “the world looked on” game da kisan ƙare dangi na Ruwanda a 1994. In wannan jumla ta zo gabana, ba zan yi jinkirin cewa duniya ta zura ido ba, ko da yake fi'ilin shi kansa bai faɗi haka ba, domin tarihin da ke kewaye da shi ya cike giɓin: akwai rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar tun kafin a fara, kuma ran 21 ga Afrilu, ana tsakiyar kisan, Kwamitin Sulhu ya yanke a rage ta zuwa mutum 270. Iko ya tabbata, bari ya tabbata, saboda haka kalmar zargi ta halatta, wanda ya ce duniya tana ji tana gani kuwa ya ba da uzurin da ba a cancanta ba.

Na biyun shi ne abin da ya auku a birnin Minneapolis ran 25 ga Mayu 2020, inda ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti 9, mutane kuma suna tsaye a bakin titi. Su ma ana iya faɗa musu “looked on”, gama sun halarta, sun gani, ba su kuma sa hannu ba. Amma akwai wani ɗan sanda tsaye tsakaninsu da wurin yana tare su, sun yi ta roƙo da murya a ɗaga masa, wata ma'aikaciyar kashe gobara da ba ta bakin aiki ta nemi a bar ta ta duba bugun jininsa aka hana ta, wata yarinya 'yar shekara 17 kuma ta ɗauki abin da wayarta tun daga inda ta iso har aka ɗauke shi. Hoton nan nata, tare da shaidar da waɗansu daga cikinsu suka bayar a kotu, yana cikin hujjojin da aka kama Chauvin da laifin kisa da su a Afrilun 2021. Waɗannan mutane an hana su matakin hannu, suka yi na harshe, suka kuma sauke nauyin shaida a gaban alƙali. In ɗalibina ya rubuta mini cewa sun zura ido, zan mayar masa da takardarsa ya sake. Abin da zan karɓa shi ne, an kashe shi a kan idonsu, suna ji suna gani, suna roƙo ba a saurare su ba.